Keken da Na Hana a Cire wa Kwali

Idan Allah zai ba ni dama in warware rana ɗaya daga cikin kwanakina, ba zan yi dogon tunani ba. Wata Asabar ce a kasuwar Jimeta, ranar da na saya wa 'yata Rifkatu keke, na kuma rufe mata baki a gaban mutane. Ku jikokina kun taso kun ga tabon da ke haɓarta, an gaya muku faɗuwa ta yi a kan dutse. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma ba a ƙarasa muku labarin ba. Ni na kayar da ita, ko da yake ina zaune a ƙofar gidana a Jambutu lokacin da abin ya faru. Kakarku Saratu ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Yanzu da idona ya fara rauni, gara in rubuta da hannuna tun ina iya ganin layi.

Sai na fara da kekena, domin daga nan girman kan ya taso. Ni ban wuce firamare ba. Daga ƙauyenmu ta wajen Ganye na zo Jimeta ina saurayi, na sami aikin masinja a wata ma'aikata, na yi shekara talatin da 'yan kai ina kai fayil cikin Yola ina dawowa. Duk a kan keke ɗaya na yi su, baƙin keke irin na dā, mai birkin ƙarfe da ƙararrawa da kariya mai ɗaukar buhu. In ka ɗaga shi sai ka ji a ƙugunka. Saboda haka na ɗauka duk garin nan ba mai koya mini keke, alhali sanina bai wuce abu biyu ba. Na farko, keken kirki shi ne mai nauyi, mara nauyi gwangwani ne. Na biyu, sabon keke ba a cire masa kwali. Haka na tarar a garinmu. In mutum ya sayi keke, kwalin da ledar da aka naɗe ƙarafunsa da su daga kanti suna nan, har ya ƙara ɗaure su da zare, sai ranar da suka ruɓe suka faɗi da kansu. Da haka ake sanin sabo ya saya, ba na hannu ba. Nawa ya yi wata bakwai da kwalinsa, kuma ina tuna yadda nake rage gudu in na zo wucewa ta gaban majalisar dattawa.

A shekarar da aka hana hawan babur a cikin gari, na riga na yi ritaya. Mutane suka koma keke, kasuwa ta cika da wasu irin kekuna masu giya da manyan tayoyi, waɗanda ake ce wa keken hawan dutse. A shekarar ce Rifkatu, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta daɗe a gida ba aiki, ta sami gurbi a wani ƙaramin asibiti a gindin duwatsu, kudu da Yola. Amma ɗaukar gwaji ce. Aikinta shi ne kai allurar rigakafin yara ƙauyuka huɗu da ke kan dutse, a cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara. In ƙanƙarar ta narke kafin ta gama zagayen, maganin ya lalace. Da ƙafa ba a gamawa a kan lokaci, mota ba ta zuwa, babur kuwa ba mu da kuɗinsa. Shugabar asibitin, wata mata da kowa ke kira Sista, ta gaya mata a fili cewa ta nemo abin hawa. In ta iya zagayen nan wata uku za a tabbatar da ita, in ba ta iya ba akwai masu jira. Ƙannenta uku suna makaranta a lokacin, fansho kuwa kun san halinsa. Muka sayar da gyaɗar da aka aiko mana daga gonar gida, kakarku ta ƙara da akuyarta. Abin da ya taru bai kai na keke mai tsada ba, bai kuma yi kaɗan ba. Na keke ɗaya ne na tsaka-tsaki, kuma babu na biyu.

Rifkatu ta fi ni hankali tun a ranar. Ta je ta taka hanyar da ƙafarta, ta dawo ta ce akwai rafi biyu da wani hawa mai tsakuwa inda dole mutum ya sauka ya saɓa keke a kafaɗa. Sannan ta ce mu fara zuwa wurin Bappa Hamman. Shi Bappa Bafulatani ne mai gyaran keke a Makama, cikin Yola, a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Shekara ashirin yana yi mini faci. Ya zo bikin sunan 'ya'yana, na je na nasa, ba ya kirana da komai sai Masinja. Da muka isa ya saurari Rifkatu har ta gama, ya yi mata tambayoyi a kan hanyar, ni ko kallona bai yi ba. Sai ya shiga bayan rumfa ya turo wani shuɗin keke, gwanjo daga ƙasashen waje, fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya yage a gefe.

"Wannan shi ne na yarinyan nan," ya ce. "Tsoho ne, amma ƙashinsa lafiya lau. Kuɗinku zai saya, har a samu na sabon taya."

Na sa hannu ɗaya na ɗaga shi, ya taso kamar kwando. Na yi dariya, irin dariyar da ba ta da kyau.

"Bappa, 'yata ta fari, mai takardar shaida, ita za ka ɗora wa abin da wani Bature ya gama yayinsa ya yar? Ashe duk zaman da muka yi, jira kake in kawo kuɗi ka sakar mini bola?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya mayar da keken inda ya ɗauko.

"Allah ya ba da sa'a, Masinja," ya ce.

Daga nan muka shiga mota zuwa kasuwar Jimeta. A layin masu keke na hango shi tun daga nesa. Ja ne, yana ƙyalli a wuraren da kwali bai rufe ba, da sifirin a gaba, da wani ƙaton sifirin a tsakiya kamar na babur. Na ɗaga shi da hannu biyu, na ji nauyinsa har a bayana, raina ya yi fari. Mai shagon ya ga fuskata, ya san ciniki ya faɗa.

"Baba, you sabi better thing! Orijinal ke nan, daga cikin leda. Sifirin gaba, sifirin tsakiya, giya ashirin da ɗaya. Ko wane dutse ne, kamar kan katifa za ta ji."

Rifkatu ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, a ɗan buɗe kwalin nan mu ga waldar. Bappa ya ce wurin haɗin ƙarfe ake fara dubawa."

"In an buɗe an saya, madam," in ji mai shagon.

"Kuma yana da nauyi, Baba. Ni ce zan ɗauke shi a rafi."

Akwai mutane a wurin, wasu sun tsaya suna kallonmu. Na ji kamar ta tuɓe mini hula a tsakiyar kasuwa. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ke kika haife ni? Tun ba a san za a yi ki ba nake kan keke. Rufe mini baki!"

Ta rufe. Na ba da kuɗin duka, ko na famfo bai rage ba. Washegari Lahadi na tura keken har majami'a, da kwalinsa da ledarsa, fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, mata suka yi ta shafa sifirin suna cewa lallai Baban Rifkatu ya yi ƙoƙari. Ranar na ci abinci da daɗi. Da za ta tafi na kafa mata sharaɗi, kada ta kuskura ta cire kwalin nan, domin mutanen can su san daga gidan mutunci ta fito.

Mako uku ta yi da shi. Ni ba ta taɓa kawo mini kuka ba, sai daga baya na ji abin da take gaya wa uwarta a waya. Kafaɗarta ta saɓule saboda ɗaukarsa a rafi. Sifirin tsakiyan nan da na ƙwallafa rai a kansa, in tana hawa sai ya riƙa lotsawa yana shanye ƙarfin ƙafarta. Giyar kuma tana tsalle ita kaɗai. Damina ce, kwalin ya sha ruwa ya manne a jikin ƙarfe. A mako na uku, tana gangarowa daga ƙauye na biyu da akwati a bayanta, keken ya rabe biyu daga wuya. Ta faɗi a kan haɓarta, akwatin ya buɗe, magani ya watse a rana. Wasu mata masu itace suka tsince ta. A ƙauyen ƙarshe kuwa, iyaye mata suna zaune da jariransu tun safe har la'asar, ba su ga kowa ba.

Aka kawo ta gida da ɗinki a haɓa, aka sauke keken daga saman mota gida biyu. Na tsuguna a tsakar gida na ɓare kwalin da ya ruɓe. Waldar da ke wuyan keken kamar an tofa yawu ce aka shafa fenti a kai, kuma rabin tsagewar ya yi tsatsa baƙi ƙirin, alamar tun a shago take. Ko makaho ya shafa da yatsa zai ji ta. Kakarku tana tsaye a kaina da tsintsiya a hannu. Ita ba mai yawan magana ba ce.

"Baban Rifkatu," ta ce, "wa ka saya wa keken nan? Ita, ko mutanen majami'a?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce Sista ta aiko da saƙo, saboda yarinyar tana da ƙwazo za a ba ta dama sau ɗaya tak, nan da mako biyu. In ba ta kai ƙauyuka huɗun da maganinta lafiya ba, an ba wani.

Kwana biyu ina juyi. Ba abin da ya rage a gidan da za a sayar sai abu ɗaya, kuma na san shi. A rana ta uku na wanke baƙin kekena, na sa masa mai, na hau shi daga Jambutu har Makama, hanyar da na yi shekara talatin ina bi. Bappa yana zaune yana gyaran wayoyin wata taya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsaya a rana, ban shiga inuwar ba.

"Bappa, na zo da bakin da ya yi maka rashin kunya. Ga shi."

Sai a lokacin ya dube ni.

"Yaya jikin likita?"

"Da sauƙi."

"To shigo inuwa. Kai tsoho, ni tsoho, in rana ya kashe ka wa zai zage ni?"

Na tambayi shuɗin keken, ya ce ya tafi tun makon da muka zo, wani malamin makaranta ya saya. Sannan na nuna masa nawa na ce a nemo mai saye. Ya daɗe yana kallon keken, domin shi ya san kowace ƙusa da ke jikinsa. Kafin azahar wani mai tallan burodi ya saya, na ga an ɗaure masa ƙaton akwati a kariya an tafi da shi. Ban san ina son ƙarfe haka ba sai da ya sha kwana. Bappa ya ce a kawo masa jan keken ma, akwai abin da zai tsinta a jikinsa a sayar. Duka-duka abin da muka haɗa bai kai kuɗin farko ba. Amma ya ce zai isa, da sharaɗi ɗaya.

"Gobe za mu je wurin masu gwanjo, mu uku. Ni zan duba, likita zai zaɓa. Kai kuma aikinka riƙe jaka."

Wurin wani fili ne a Jimeta inda ake sauke kayan gwanjo, kekuna jingine da juna kamar itacen girki. Kafin mu shiga, Bappa ya raba kuɗin, ya ware kashi ɗaya cikin uku ya ce in sa a aljihun ciki, wannan ba na keke ba ne, kada in bari kowa ya san da shi. Sannan na ga aikin da ban taɓa gani ba duk tsawon zamana a kan sirdi. Bai dubi fenti ba ko sau ɗaya. Duk keken da ke da sifirin a tsakiya, wucewa yake yi, ya ce a kuɗi irin namu sifirin tsakiya ado ne kawai, an rage wa ƙarfe inganci don a saka shi. In ya ja keke, sai ya goge kowane haɗi da tsumma, ya bi waldar da farce. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana ya kasa kunne, mai lafiya yana amsawa da ƙara siririya, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ya ɗaga taya ya juya ta, ya sa babban yatsa kusa ya ga ko tana rawa. Ya tsuguna a baya ya rufe ido ɗaya, ya duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya, ya ji ko wuya yana motsi. Wanda ya tsallake duk wannan, sai ya ce Rifkatu ta tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, ya ga ko akwai tazara tsakaninta da ƙarfen sama. In akwai, sai ta saɓa shi a kafaɗa ta je bakin ƙofa ta dawo. Masu wurin suna ta dariya, wai yau an zo sayen keke ana yi masa gwajin shiga soja.

Kekuna biyu suka rage. Ɗaya ruwan azurfa, na alminiyon, kusan sabo, da birki irin na faifai mai aiki da mai. Ɗayan kore, na siririn ƙarfe, fentinsa duk ƙarzuwa, sifirin a gaba kaɗai, birkinsa na waya da roba. Kuɗinsu kusan ɗaya. Zan gaya muku gaskiya, raina ya sake tafiya wurin mai ƙyallin. Har na buɗe baki, Bappa ya taka mini ƙafa.

Rifkatu ta zagaya su, haɓarta a naɗe da bandeji, maganarta ba ta fita sosai.

"Bappa, in birkin nan mai mai ya lalace a kan dutse, wa zai gyara?"

"Ba kowa. Sai an kawo Jimeta, nan ma sai an yi sa'a."

"In wannan farin ƙarfen ya tsage fa?"

"Mai waldan ƙauye ba ya iya shi."

"Koren fa?"

"Roban birkinsa, ko a kasuwan ƙauye akwai. Tayansa irin na kowa ne. In ya tsage, duk mai walda zai kama."

"To koren nake so."

Bappa ya juyo ya dube ni, yana murmushi.

"Masinja, yarinyan nan ya fi ubansa kai. Wajen uwa ya ɗauko."

Da kuɗin aljihun ciki muka sayi sababbin tayoyi masu manyan haƙora, da robar birki, da wayoyi, da famfo, da kayan faci. Bappa ya kwana biyu a kan keken, ya kwance shi ya wanke, ya sa giris, ya daidaita giyar har tana shiga da taɓawa ɗaya. Bai bar Rifkatu ta tafi ba sai da ta cire taya ta yi faci ta mayar sau uku a gabansa. Da na tambayi kuɗin aikinsa, ya ce in ba na so mu sake ɓatawa, in mayar da hannuna aljihu.

Ranar zagayen na ce zan bi ta. Kakarku ta ce me zan je yi, in ce ko ba wani sharaɗin zan je kafawa ba. Na ce a'a, zuwa zan yi in gani da idona. Na kwana a garin da asibitin yake. Gari na wayewa Rifkatu ta ɗauki akwatinta ta nufi ƙauye na farko, ni kuma na kama hanyar ƙafa da ke miƙewa kai tsaye zuwa na ƙarshe. A kan dutse aka haife ni, amma rabona da hawa ya fi shekara arba'in, sai da na huta sau biyar. Na isa da hantsi, na tarar da mata a ƙarƙashin wata tsamiya da 'ya'yansu a goye. Ba wanda ya san ni. Wata tsohuwa mai jika a cinya ta matsa mini a kan dutsen da take zaune, aka ba ni ruwa.

"Baƙo, kai ma likita kake jira?"

"I, Mama."

"To ka gyara zama. Wancan karon tun safe muna nan har la'asar. An ce ubansa ne ya saya masa keken banza, don a ce ya sayi sabo."

Wata daga baya ta ce, "Uban nan, in na gan shi sai na tambaye shi, da ido yake sayayya ko da ƙeya."

Na cire hulata na juya musu baya.

"Ga ƙeyar nan, ku tambaye ta. Ni ne uban."

Wurin ya kece da dariya, har jarirai suka firgita. Tsohuwar ta riƙe ciki tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai laifi ya hawo dutse da ƙafarsa ya kawo kansa ba. Amma dariya ta ƙare, rana ta ci gaba da hawa. Inuwar tsamiyar ta fara tsukewa. Wasu mata biyu suka ce su za su koma gona, in ba a zo ba kada su yi asara biyu. Na roƙe su su ƙara haƙuri kaɗan. Ni kaina ina lissafin rafin nan biyu da hawan tsakuwa, ina tuna ɗinkin da bai gama warkewa ba.

Tsohuwar ce ta fara hango ta. Can ƙasa, a kan hawan ƙarshe, ga mutum da farar riga, akwati a baya, keke a kafaɗa ɗaya, tana tako duwatsu ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Da ta iso inda ƙasa ta daidaita, ta sauke shi, ta haye, ta taho. Ban taɓa ganin keke yana tafiya da kyau haka ba, kuma ni na ga kekuna. Ta shigo har gindin tsamiyar ta taka birki, ya tsaya cak. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, ƙafafunta duk laka. Ba ta gaisa da kowa ba sai da ta sauke akwatin ta buɗe. Sannan ta kamo hannuna ta cusa a ciki.

"Baba, taɓa."

Ƙanƙara ce, da ƙarfinta, har ta ɗauke mini yatsu. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka kama, har mazan da ke gona suka taso da fartanya a hannu su ga abin da ya faru. Rifkatu ta shimfiɗa kayanta a kan tabarma, aka yi layi, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Kowane yaro ya tsala ihu sai in ji kamar waƙa ake mini. Tsohuwar ta ce a shaida, an yafe wa ƙeya.

Da ta gama, mutane suka ragu, na matsa kusa da ita. Na shirya magana mai tsawo tun a hanya, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Rifkatu, na yi miki laifi. A kasuwa, da bayan kasuwa."

Ta dube ni, ta dubi ƙafafuna da suka kumbura a cikin takalmi.

"Baba, riƙe mini keken in wanke hannu."

Na riƙe mata. A nan maganar ta ƙare tsakaninmu, ba ta sake tayar da ita ba har yau.

Ta gama wata ukunta ba ta makara ko sau ɗaya ba, takardar tabbatarwa ta fito. Da albashinta ƙannenta suka ƙarasa makaranta, ciki har da iyayen wasunku masu karanta wannan. Koren keken ya yi mata shekara shida a kan duwatsun nan, abin da ya taɓa nema bai wuce taya da robar birki ba. Ranar da takardar ta fito na sayi goro na shiga mota zuwa Makama, tunda ba ni da abin hawa. Bappa ya karɓa, ya ɓare ɗaya ya ba ni rabi.

"Useko, na gode, Masinja. Ka ga ikon Allah, sai da ka rasa keke ka fara sanin keke."

Ban sake mallakar keke ba, kuma ban yi baƙin ciki ba. Abin da nake roƙonku, ku 'ya'yana da jikokina, ba mai wuya ba ne. Wata rana kuɗi zai shigo hannunku, daidai na abu ɗaya, kuma wani ne zai yi aiki da abin, ba ku ba. Ku tafi da shi kasuwa. In ya yi magana ku bar shi ya kai ƙarshe, ko da ku kuka haife shi, ko da duk kasuwar tana kallo. Kada ku yi irin tawa. Ni sai da na hau dutse da tsufana kafin na gane, ku kuwa ga shi na kawo muku har gida.